Riƙe-Canji da Gadon Bakin Taga

Akwai wani mai sayar da tayoyin mota da duk 'yan layin shagunansu ke kira Riƙe-Canji. Ba iyayensa suka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne ya ja masa. In ya sha mai, riƙe canji. In ya yi aski, riƙe canji. Ko ruwa ya tsaya saye a hanya, kafin mai ruwan ya laluba aljihu ya riga ya ɗaga masa hannu ya yi gaba. Har maƙwabtan shagonsa kan tsokane shi cewa ranar da za a kai shi makwanci ma sai ya leƙo ya ce da masu haƙa kabari su riƙe canji.

Shi ma dariya yake yi. Ba don a gani kawai yake kyautar ba, ko da yake, a faɗi gaskiya, ba ya ƙin a gani. Yana da dalilinsa.

Mahaifinsa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar tire a wani babban gidan abinci, daga kicin zuwa tebur, daga tebur zuwa kicin, cikin farar rigar da ba a yarda ko ɗigon miya ya taɓa ta ba. Albashin bai taɓa kai su ƙarshen wata ba. Ɗan abin da baƙi ke bari a ƙarƙashin faranti, shi ya sayi takalman makaranta, shi ya sayi magani, shi ya rufa musu asiri a wajen mai gidan haya. Shi ya sa Riƙe-Canji kan bugi ƙirji ya ce da tukuici aka raine shi, kuma ba zai ga mai yi wa mutane hidima ya wuce shi hannu rufe ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da shi ba, ƙanwarsa, malamar firamare, wadda kowa a gidan ke kira Malama. Duk ranar da suka haɗu a gidan Baba sai sun tayar da zancen. Ita cewa take tukuici ba adalci ba ne: mai kawo abinci ya samu, mai wanke farantin a bayan kicin ko ƙanshinsa bai ji ba. Masu gidajen abinci kuma sun samu mafakar ƙin ƙara albashi. Sannan wanda ba shi da abin bayarwa ya zama abin kallon banza.

Shi kuma sai ya ce karatu ne ya yi mata yawa, ta je ta tambayi mai aikin ko yana son a daina ba shi. Baba yana zaune yana jin su, ba ya goyon bayan kowa, sai dai ya yi murmushi ya ce shayinsu zai huce.

Wata safiya Baba ya sunkuya zai sa takalmi, bai ƙara miƙewa da kansa ba. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ta kuma ɗaure masa harshe.

Bayan an shawo kan abin, aka kwantar da shi a ɗakin maza, dogon ɗaki mai gadaje jere daga ƙofa har taga. Likita ya kira su biyun ya yi musu magana a fili. Ya ce babban haɗarin ya wuce, saura na kwanciyar kanta. Baba yana da ciwon suga. In aka bar shi a ɓangare ɗaya, ko a kan jiƙaƙƙen zani, bayansa zai buɗe ya zama gyambo, kuma gyambon mai suga ba abin wasa ba ne. In dai ana juya shi a kan kari, ana tsane masa jiki, zai koma gida.

Wannan maganar ita ta zauna wa Riƙe-Canji a rai. Ya kwana da ita ya tashi da ita. Bayan Baba kada ya buɗe, shi ke nan abin da yake roƙo.

Asibitin ba ya barin dangi su wuni a ɗakin, sai lokacin ziyara. Juya marasa lafiya da canza musu zani aikin mutum biyu ne. Ɗaya matashi ne mai fara'a, ana ce masa Dogo. Ɗayan dattijo ne mai furfura a gemu, fuskarsa kullum kamar an aiko masa da mugun labari, shi ya sa har nas-nas ke kiransa Murtuke.

Yadda suke aikin kuwa, zagaye suke yi. Su fara daga gadon bakin ƙofa, su bi ɗaya bayan ɗaya har su dire a na bakin taga. Ɗaya ya riƙe kafaɗa, ɗaya ya riƙe ƙugu, su mirgina mutum a tare, su zare zanin, su shimfiɗa sabo, su tokare shi da filo. Mara nauyi, mutum ɗaya kan iya lallaɓawa ya juya shi. Mai jiki kuwa dole sai hannu huɗu.

Gadon Baba shi ne na kusa da na ƙarshe. A na ƙarshen, bakin taga, akwai wani ƙaton tsoho, tsohon direban babbar mota da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Maƙwabta ne suka kawo shi, suka zo sau ɗaya ko biyu, daga nan sai labari. Dukiyarsa a duniya wata 'yar ƙaramar rediyo ce da aka ɗaure bayanta da roba, don haka ɗakin ya sa masa suna Mai Rediyo. Tun ranar farko ya karkato da rediyon wajen Baba, ya ce tunda maƙwabcinsa ba ya magana, shi kuma ba ya gajiya da ita, zamansu zai yi daɗi.

Riƙe-Canji ya tsaya ya dubi tsawon ɗakin, ya dubi inda gadon mahaifinsa yake, sai ya ga kafin zagaye ya iso nan an daɗe. Ya yi abin da ya fi iyawa. Ya tari Murtuke a baranda, ya miƙa masa hannu kamar za su gaisa, da takarda a naɗe cikin tafinsa.

Murtuke ya dubi hannun, bai karɓa ba.

"Na mene ne?"

"Na shan ruwa ne kawai, Malam. A dinga duba mana tsohon."

"Ai shi ake biyana in yi. Mayar aljihunka. Ranar da za ku tafi da shi, in ka ga mun yi abin kirki, ka neme ni. Ba na ƙin alheri."

Ya tura kwandon zannuwansa ya wuce. Riƙe-Canji ya ji abin har cikin ƙashinsa. Tunda yake, ba a taɓa mayar masa da hannu ba. A ransa ya ce girman kai ne ke damun tsohon, talaka da izza.

Dogo kam bai ba shi wahala ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da rusunawa, ya ce Yallaɓai ya kwantar da hankalinsa, Baba ya zama babansa.

Kuma ya cika alkawari. Kullum Riƙe-Canji ya zo ziyara sai ya tarar da Baba fes. Zani sabo, jiki ya sha mai, an yanke farce, an taje gemu. Dogo na gefen gadon yana matsa masa ƙafa ko yana ba shi shayi da cokali. Kullum kuma in zai tafi sai an sake gaisawa a baranda. Yakan kira Malama a waya ya ce ta zo ta ga aikin tukuicin da take zagi.

Malama ta zo ta gani, ta ji daɗin ganin mahaifinta haka, ba ta ɓoye ba. Amma da suka fito ta tambaye shi, in Dogo yana nan kullum, wa ke kama wa dattijon can aiki? Ya ce wannan matsalar asibiti ce, shi ubansa ya kawo.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Duk lokacin da ya zauna, sai Baba ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya nuna gadon bakin taga, ya ce, "Can... can..." Kalmar da ta rage masa ke nan. Ya nuna, ya dubi Dogo, ya sake nunawa, har jijiyar wuyansa ta tashi.

Riƙe-Canji ya duba. Ba abin da ya gani sai ƙaton tsoho a kwance rigingine, rediyo na ta surutu a gefen filonsa. Nan take ya yanke hukunci: ƙarar ce ke hana Baba hutawa.

Ya matsa cikin ladabi ya ce, "Kawu, don Allah a ɗan rage rediyon. Tsohon nawa ba ya son hayaniya."

Mai Rediyo ya ba shi haƙuri har sau biyu. Ya murɗa ta ƙasa, sai da ya zama in ba ka kanga kunne a jikinta ba, ba za ka san tana kunne ba. Riƙe-Canji bai tsaya nan ba, ya sa Dogo ya ja labulen da ke tsakanin gadajen biyu, ya ce a bar shi a rufe. Baba ya runtse ido, hawaye ya bi ta gefen kuncinsa. Ɗansa ya goge masa, yana cewa ciwo ne, zai wuce.

Haka aka tafi na ɗan lokaci, har ranar da aka kawo wani sabon mara lafiya gadon tsakiyar ɗaki. Shi wannan 'ya'yansa suna da yawa, kuma kowannensu da mukullin mota a hannu. Su ma suna son ubansu. Su ma sun ji abin da likita ya faɗa game da kwanciya. Ba su yi kwana biyu ba suka gane yadda ake gaisawa a barandar nan.

Riƙe-Canji ya fara lura Dogo na gaishe shi a tsaitsaye. Ya ƙara abin da yake bayarwa. Kashegari Dogo ya dawo, jibi ya sake ɓacewa. Ya sake ƙarawa. Amma mai shagon taya guda ɗaya ba zai ja da gida guda ba, kuma ya san haka.

Wata rana da yamma ya shigo da ledar lemo a hannu, tun kafin ya ƙaraso ya ji zarni. Baba na kwance yadda ya bar shi jiya, zanin ƙarƙashinsa sharkaf. Ya ɗaga rigar a hankali. A ƙasan bayan, daidai kan ƙashi, ga wani jan tabo ya fito, fatar wurin tana sheƙi.

Abin da yake gudu tun ranar farko, ga shi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ya sami Dogo a gadon tsakiya yana fifita mara lafiya da kwali. Ya ja shi baranda, ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa: butulci, cin amana, rashin tsoron Allah. Dogo ya sunkuyar da kai har ya gama. Sannan ya ce albashinsu ya makara, matarsa na gab da haihuwa, mai gida ya ba shi wa'adi. Ba ya faɗa don a tausaya masa, in ji shi, ya san bai kyauta ba.

"Amma Yallaɓai, kafin ka zo, layi muke bi. Kai ka fara fitar da ni daga layi. Da ka ba ni na bar wasu na zo wajen Baba, ba ka ce na ci amana ba."

Riƙe-Canji na nan tsaye sai ya ji muryar Murtuke a bayansa, ba tsawa, ba lallashi.

"In ka gama faɗan, zo ka kama mini. Tun ɗazu nake neman hannu."

Ya ajiye lemon ya bi shi. Murtuke ya nuna masa inda zai sa hannu a kafaɗar Baba, shi ya kama ƙugu, suka mirgina shi. Aka goge, aka tsane, aka shafa magani, aka tokare da filo. Murtuke ya duba tabon ya ce bai buɗe ba tukuna, in aka daina barinsa a kai zai koma.

Riƙe-Canji ya sauke ajiyar zuciya, ya fara neman wurin wanke hannu.

"Saura ɗaya," in ji Murtuke. Ya kama labulen nan ya zuge shi.

Mai Rediyo ya rame, idanunsa sun faɗa, amma da ya ga Riƙe-Canji sai ya yi ƙoƙarin murmushi, ya tambaya ko rediyon na damun maƙwabcinsa har yanzu. Suka kama shi su biyu. Nauyinsa ya sa Riƙe-Canji nishi. Da suka mirgina shi, warin ya fara isowa kafin ido ya gani. Murtuke ya ɗaga bandejin da nas suka sa. Ramin da ke bayan mutumin nan, dunƙulen hannu zai shiga.

Riƙe-Canji ya kau da kai, idonsa ya faɗa kan mahaifinsa. Baba, da yanzu aka juyo da fuskarsa wannan ɓangaren, ya ɗaga hannun hagu, ya nuna bayan Mai Rediyo.

"Can," ya ce. "Can."

Sai a lokacin ɗan ya gane. Ba rediyo ba ce. Tun farko Baba na kwance yana kallon Dogo na taje masa gemu, alhali mutumin da ke gefensa ya wuni a ɓangare ɗaya yana jiran hannu na biyu. Cewa yake a je can. Shi kuma ɗansa, da kuɗinsa, ya sa aka ja labule.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Da suka fito, Murtuke ya gaya masa sauran a taƙaice. Marasa nauyi yana juya su shi kaɗai. Mai Rediyo kuwa, Murtuke ya gwada juya shi shi kaɗai har nasa bayan ya riƙe, bai iya ba. Ya kai ƙara wajen babbar nas, aka yi wa Dogo faɗa, ya gyara kwana biyu ya koma. An nemi ƙarin ma'aikaci, an ce a jira. Nas suna wanke gyambon suna sa magani, amma magani ba ya aiki a wurin da mutum ke kwance a kai. Shi kuma tsohon, duk lokacin da aka ce masa ya ɗan jira, sai ya ce ba komai, in kun gama da maƙwabcina.

Kashegari zazzaɓi ya rufe Mai Rediyo, aka ce za a mayar da shi ɓangaren tiyata. Riƙe-Canji ya ruga ya sayi duk maganin da aka rubuta, ya ce ko me ake buƙata a kira shi. Ana tura gadon, tsohon ya sa aka tsaya. Ya ce a ajiye rediyon a kan lokar da ke gefen gadon Baba, can inda za shi ba a yarda da ita ba, maƙwabcinsa ya riƙe masa kafin ya dawo.

Daga ranar Riƙe-Canji ya je wajen babbar nas ya roƙi alfarma. Da yake hannu ya yi ƙaranci, ta yarda ya dinga shigowa lokacin zagaye. Ya bar shagon a hannun abokin kasuwancinsa, ya zama mai kama kafaɗa. Kuma Murtuke bai yi masa rangwame ba: daga bakin ƙofa ake farawa. Ranar farko da ya nufi gadon Baba kai tsaye, dattijon ya tsaya a gadon farko yana kallonsa har sai da ya dawo.

Abin ya yi masa wuya. Yana juya uban wani, idonsa na kan nasa uban da ke can ƙarshen ɗaki yana jira. Amma layin na isowa, kullum yana isowa. Dogo ma, ganin mai ba shi kuɗi ya naɗe hannun riga yana kwashe zanin fitsari, sai ya fara raɓowa yana kamawa ba tare da an kira shi ba. Murtuke ya matsa masa wuri.

Wata rana suna ninke zannuwa, Riƙe-Canji ya ce shi kam ya tuba, ƙanwarsa ce ke da gaskiya, ba zai ƙara ba kowa tukuici ba. Murtuke ya dube shi sheƙeƙe, ya tambaye shi ko an gaya masa su ba sa cin abinci. Ya ce albashinsu ba ya kai ko'ina, kuma ba abin da ke sanyaya ran ma'aikaci kamar a sallami mara lafiya, danginsa su juyo su ce ga wannan, mun gode. Wannan yana karɓa, har ya yi addu'a. Wanda ba ya karɓa shi ne na ranar shigowa, don in ya shiga aljihunsa, idonsa ba zai ƙara ganin gadaje daidai ba, kuma shi ya san zuciyarsa ba ta fi ta Dogo ƙarfi ba.

A hankali jan tabon Baba ya dushe, ya koma launin fata. Likitocin motsa jiki suka fara zaunar da shi, sannan suka tsayar da shi. Kalmomi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kamar baƙin da ke jin kunyar shigowa.

Kullum bayan zagaye Riƙe-Canji kan leƙa ɓangaren tiyata. Wata safiya ya je ya tarar an cire zanin gadon Mai Rediyo, katifar a tsaye jikin bango. Bai tambayi kowa ba. Ya dawo ya zauna a baranda, Murtuke ya zo ya zauna kusa da shi. Ya ce Allah ya ji ƙansa, kwanansa ne ya ƙare. Riƙe-Canji ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ko shi ne ya kashe mutumin nan.

Murtuke ya ce rai na Allah ne, kuma laifin ya rabu gida-gida: na asibitin da bai ɗauki ma'aikata ba, na Dogo, na dangin da suka watsar da shi, har da nasa shi da bai ɗaga murya yadda ya kamata ba. Amma ba zai yi masa ƙarya ya ce hannunsa ba ya ciki ba.

Ranar sallama Malama ta zo da sababbin kaya. Tun kwana biyu kafin nan suka zauna ita da yayanta suka yi shawara, karo na farko da zancen tukuici bai zama gardama a tsakaninsu ba. Ita ta tuna masa da matan da ke wanke zannuwan a can bayan asibiti, da mai goge ƙasa, da mai turo abinci. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, a fili, ba a naɗe cikin gaisuwa ba. Wata mai wanki ta tsaya tana juya abin a hannu, ta ce tunda ta fara aikin nan ba wanda ya taɓa sanin da ita.

Dogo ya ƙi karɓa da farko, kunya ta hana shi ɗago kai. Riƙe-Canji ya ce ba nasa ba ne, na jaririn ne, sannan ya karɓa. Murtuke kuwa ya sa nasa a aljihu ba tare da jan rai ba, ya ce yanzu kam ya halatta. Malama ta rantse ta ga gefen bakinsa ya motsa, amma ba ta da shaida.

A gida aka kwantar da Baba a ɗakinsa, kusa da taga. Riƙe-Canji ya durƙusa a gaban gadon, ya ce shi fa ya ɗauka koyi yake da shi. Da tukuici aka raine su, shi ya sa yake bayarwa.

Baba ya daɗe yana haɗa kalmomin. Da suka fito, a rarrabe suka fito, amma ba wanda bai ji ba.

"Ni... sai an ci... an ƙoshi... ake ba ni." Ya huta. "Kai... rabon wani... ka saya."

Malama ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Can Baba ya nuna jakar kayan asibiti. Aka zazzage, rediyon nan mai ɗaurin roba ta faɗo kan katifa. Ba wanda ya zo nemanta, ba kuma wanda za a kai wa. Riƙe-Canji ya danna ta ta kama, amma sai da ya kai ta kunne ya ji ana magana a ciki. Tana nan daidai inda mai ita ya murɗa ta ranar da aka roƙe shi ya rage. Mai Rediyo bai ƙara ɗaga ta ba har ya bar duniya.

Baba ya dubi ɗansa.

"Ƙara," ya ce.

Riƙe-Canji ya sa yatsa ya murɗa. Murya ta cika ɗakin, shi kuma ya kifa kansa a gefen katifar ya yi kukan da bai yi a asibiti ba.

Har yau sunansa bai canza ba, kuma har yau yana cewa a riƙe canji, sai dai bayan an gama masa aiki. Ranar da ba ya buɗe shago kuwa, in ka je ɗakin mazan nan lokacin zagaye, za ka same shi a gadon bakin ƙofa ya naɗe hannun riga.

Darasi: Kyautata wa mai yi maka hidima abu ne mai kyau, kada ka daina, da yawansu da shi suke rufa wa iyalinsu asiri. Amma ka duba lokacin da kake bayarwa da abin da kake nema da shi. Wanda aka bayar bayan aiki godiya ce. Wanda aka cusa kafin aiki don a fifita ka, layin wani ka saya, kuma sau da yawa mai layin shi ne wanda ba shi da kowa. In za ka bayar, ka tuna da waɗanda ke aiki a inda ido ba ya kaiwa. In kai ne ma'aikacin, kada abin hannun wani ya rufe maka ido daga wanda ba shi da abin ba ka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake jan labule a kan maƙwabcinsa bai sani ba.